Daminar Rigar Ƙungiya

Bana ruwa ya yi mana rowa. Kullum hadari sai ya taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, iska ta zo ta kai wa wasu. Jiya da la'asar ina tsakar gida ina tsintar wake, 'yata Rabi ta shigo da sabuwar atamfa, wai ankon ƙungiyarsu ne ta shugabannin makarantun firamare, za su taro Dutse. Ita ma yanzu shugabar makaranta ce, ta gaji ubanta. Na juya atamfar na yaba, sannan na tambaye ta wa ya zaɓi kalar, wa kuma ya san ranar da za su tafi. Ta yi dariya ta ce, "Inna, ke kam ko sallama aka yi miki sai kin leƙa bayanta." Gaskiya ta faɗa. Haka Allah ya yi ni, wata damina kuma ta ƙara mini.

Shekarun farko ne bayan an yanke Jigawa daga Kano, zamanin soja, lokacin da kantomomi ke riƙe da ƙananan hukumomi. Malam, mai gidana, Allah ya jiƙansa, shi ne hedimastan firamare a wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, waɗanda abin ya shafa sun bar jikoki, jikokin kuma suna da waya. Makarantar aji uku ce, guguwar farkon bazara ta yaye rufin biyu ta kai kwanon har gonar liman. Yara suka koma gindin darbejiya, in rana ta juya a ja tabarma a bi inuwa. Alli ya ƙare, Malam yakan aiko a karɓi farar ƙasar da nake shafe ɗaki da ita ya murza ya yi rubutu. Iyaye suka fara cewa in dai a gindin bishiya za a zauna, gara yaro ya bi awaki. Albashi kuwa ya zama baƙon da ba ya faɗin ranar zuwa. Wata ya mutu wani ya tsaya, mu dai sai kallon hanya.

Abin da ke riƙe da mu gona ce. A ƙauyukan nan al'ada ce dagaci ya ware gona ya ce ta makaranta ce, kowa kuma ya san hedimasta ke ci. Sai dai gonar ta kujera ce, ba ta mutum ba. Wanda makullin makaranta ke hannunsa ranar girbi shi ke da dami, ko da bai san ranar da aka yi shuka ba. Shi ya sa hedimasta ya fi tsoron canjin wurin aiki a tsakiyar damina a kan kora. Wanda aka kora ana tausaya masa. Wanda aka canza sai a ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya tafi ya bar geronsa a tsaye.

Bazarar shekarar ta yi tsawo. Kafin hantsi yashin tsakar gida ya fi ƙarfin tafin ƙafa, kaji su buɗe baki su lafe jikin randa. Rijiyar gari ta yi ƙasa, sai an ƙara wa igiya tsohon zane kafin guga ya taɓa ruwa, ruwan ma ja, sai ya kwana ya kwanta. Na rage awo. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, da safe kunun kanwa tsululu, da rana yara su sha farau-farau su fita neman aduwa. Rumbun da nake miƙa hannu in jawo dami, ya kai sai na shiga ciki dungurungum. In na fito sai in share ƙofarsa tas don in ga sawu washegari, saboda ban yarda da ɓera ba, ban kuma yarda da maƙwabta ba.

A wannan hali ne hedimastocin ƙasar suka ƙara riƙe ƙungiyarsu. Ta haɗa na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, mu matansu Ƙungiya kawai muke ce mata. Ba ofis, ba mota, ba ɗakin taro mai fanka irin wanda Rabi ke ba ni labari. Taro yawo yake yi, wannan watan gindin tsamiya a wani gari, wancan watan zauren wani, kowa ya zo a kan kekensa da ƙafar wando ɗaure da igiyar rama. In ka tsaya daga nesa ka ce "Hedimasta", duk su waiwayo. A nan tsofaffi ke koya wa sababbi yadda ake riƙe malamai, da yadda ake lallashin dagaci ya turo yara. A shekarar sun yanke abu biyu. Tunda ba mai halin ɗaukar 'yan ƙwadago, za su riƙa yi wa juna gayya, gona bayan gona. Sannan za su tura wakili gaban kantoma ya faɗi maganar rufi da alli da albashi da bakin kowa.

Wakili kuwa ba ya zuwa gaban manya da riga mai faci, a lokacin kuma babu wanda rigarsa ba ta ga allura ba. Amma Ƙungiya tana da riga. Tun abubuwa na da sauƙi suka haɗa hannu suka ɗinka babbar riga ta shadda, ruwan ƙwai, da koren aiki a ƙirji, irin wadda ake hangowa tun daga bakin kasuwa. Tana zaune a adakar Ciyaman, Malam Garba, wani dogon mutum mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube. Duk wanda aka zaɓa wakili, a wanke rigar a buge ta a kai masa har gida. Malam, mai gidana, yana alfahari da rigar nan kai ka ce shi ya saƙa ta.

Wanda aka fara zaɓa Malam Bitrus ne na wajen Gagarawa, mutumin Filato, ya daɗe a ƙasar har Hausarsa ta fi ta wasunmu, kuma ba ya tsoron ido. A ɓoye aka zaɓe shi, har da rantsuwa, shi da littafinsa su da nasu. Ana dab da tafiya sai ga masinja a kan babur, an canza Malam Bitrus, ya tattara ya koma wata makaranta can nesa ya kama aiki nan take. Aka ce tsautsayi ne. Aka sake zama aka zaɓi Malam Buba, Bafulatanin Maigatari, wanda ya riga ya yi binne a gonarsa yana jiran ruwa. Shi ma masinja ya riga ranar tafiya zuwa. Daga nan aka daina cewa tsautsayi, aka koma cewa ruwa ba ya tsami banza, kowa ya fara kallon na kusa da shi a kaikaice.

Ni tuni na gama shari'ata a madafa. Ciyaman na fara kamawa, don mai magana a hankali yana da inda yake kai sauran. Na zargi ma'ajinsu, saboda matarsa ta yi sabon zane a shekarar da kowa ke faci. Na zargi mai shayin bakin tasha. Har Malam Buba ban bari ba, na ce wa ya sani ko shi ya nemi canjin don ya matsa kusa da shanun danginsa. Duk wanda na kawo sai Malam ya ce, "Hinde, zato zunubi ne." In ce, "Ko da ya zama gaskiya, na sani. Amma dai mutum ne ke kai maganar, ba aljani ba." Sai ya ɗauki butarsa ya fita.

Ruwan shuka ya sauka wata rana da azahar, bayan mun fid da rai. Ƙamshin ƙasa ya shigo har ɗaki, yara suka fita suna tsalle, ni kuma na jera duk abin da ke da baki a ƙarƙashin indararo. Washegari Malam yana gaba da sungumi, ni da yara muna baya muna jefa iri muna takewa. Gero ya tsiro kore shar, ciyawa ta tsiro tare da shi, ta ma fi shi sauri. Gayya ta fara zagayawa. Malam ya je ta kowa, ya dawo hannu duk bororo, yana ba ni labarin yadda manyan malamai ke tsere a kan kunya kamar samari. Aka sa ranar tamu, wata Asabar.

Gayya ba a biyan kowa, ciki ne ladanta. Mai gona ya ciyar da mutane har su ture ƙwarya, in ba haka ba ya shiga bakin duniya. Na shiga rumbu na fito da damin da na ɓoye can ƙasa don tsakiyar damina, lokacin da yunwa ta fi cizo. Na sussuka na sheƙe na surfa, maƙwabta suka taya ni daka tun da asuba. Na sayar da zabuwata na karɓo nono wurin matan rugar bayan gari. Kafin rana ta ɗaga na dama fura a manyan ƙorai, na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da daddawa ba tsoro. Yara suna zagaya ƙoran suna haɗiyar yawu, ina korarsu da muciya.

Malam ya tafi gona da hauyarsa tun sassafe don ya tarbe su. Hantsi ya yi, na leƙa ta saman danga, hanya fayau ba keke ko ɗaya. Rana ta take tsaka, fura ta fara tsami tana tasowa, ƙudaje suka samu tasu gayyar. Sai wajen azahar na ji ƙarar keke. Ciyaman ne shi kaɗai, kuma ba hauya a bayan kekensa. Malam, wanda ya gaji da jira ya dawo gida, ya shigo da shi zaure, ni kuma na matso jikin zana da tsintsiya ina sharar inda na riga na share.

"Malam, sai haƙuri," in ji Ciyaman. "Mutane sun ce ba za su zo ba sai an gane bakin zaren."

"Wane zare, ranka ya daɗe?"

"Da ɗan gari akan ci gari. Ba wanda ya ce kai ne. Amma kana da iyali, iyalinka kuma tana da ɗan kawu."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ɗan kawun nawa Ɗanlami ne, jami'i a ofishin da ke kan malamai a Gumel, da hannunsa kuma ake rubuta canji. Taubashina ne, tare muka tashi, tun muna yara yake kirana baiwar gidansu ni kuma ina ce masa mai kunnen jemage. Rabona da shi tun sunan 'yarsa, an kusa shekara. Ni da na raba wa kowa laifi, ashe ni aka ajiye wa babban kaso. Na ji haushi, na ji kunya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da wata ce ke da wannan ɗan kawun, da ni ma ita zan fara kamawa.

Malam ya ce, "Allah ya bayyana gaskiya." Ciyaman ya kurɓi fura don kada a ce, ya hau kekensa. Sauran muka raba wa unguwa, har da waɗanda ba ma ga maciji. Yara kam sun ƙoshi ranar, suna ta murna, ba su san abincin wata guda ne suka ga ya fita a ƙorai ba.

Haka muka shiga noman firi mu kaɗai. Malam ya tashi daga makaranta ya wuce gona da farar ƙasa a hannun riga, ni in bi shi da yara, abin da matar hedimasta ba ta saba ba, mata na leƙe ta danga. Hauya ɗaya ba ta tsere da ciyawa. Kafin mu gama gabas yamma ta rufe, harƙiya da ƙarangiya suka shaƙe geron ya yi ja ya tsuke. Muka bar wa ciyawa kusan rabi muka rungumi abin da za mu iya. Abinci ya koma tafasa. In tsinko ta da safe, in dafa in matse, in kwaɗa da ƙuli in an samu, in ba a samu ba da gishiri. A masallaci ana ba Malam hannu da kan yatsu, a rijiya kuma ina isowa hira ke mutuwa.

Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na ce wa Malam zan je Gumel gaida Kawu. Ya ce a dawo lafiya. Na shiga motar kasuwa tare da awaki, da na sauka ban nufi gidan Kawu ba, ofis na nufa. Na tarar da Ɗanlami bakin taga yana ɓarar gyaɗa.

"A'a, baiwar gidanmu. Yunwa ce ta koro ki?"

"Kai ka koro ni, mai kunnen jemage. Wa ke kawo maka maganar Ƙungiya? Faɗa mini sunansa, don an ce ni ce."

Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya sha ruwa sai ya ce in zo in leƙa tagar. Tsallaken titi rumfar mai wanki da bugu ce, ga igiyoyin shanya jere, ana jin tim-tim ɗin bugu har cikin ofis.

"Kin ga rumfar can?" in ji shi. "Duk ƙasar nan, nan kaɗai ake bugun shadda yadda mazajenku ke so. Ni ba ni da ɗan rahoto, ba ni ma da abin ba shi. In na ga riga ruwan ƙwai a kan igiyar can, na san malamai za su kai ƙara. In aka naɗe ta aka ɗaura bayan keke, sai in tsallaka in tambayi mai rumfa gidan wa za ta. Shi ke nan. Su yi rantsuwa a gindin tsamiya, sannan su zo su kafa mini tuta a ƙofar ofis."

"To me ya sa kake canza su? Ba ka san suna da 'ya'ya ba?"

Dariyar ta ɗauke. "Ni ma ina da su. An ce mini daga sama, duk ranar da wakili ya isa gaban kantoma in nemi wani aikin. Wanda aka canza kuwa ba ya wakiltar kowa, yana can yana neman ɗakin da zai sa kai."

Na fito ina tafe ina juya maganar. Ban gama yarda da shi ba, Ɗanlami tun yana yaro in ya saci ƙuli akuya yake nunawa. Mai yiwuwa rigar ce, mai yiwuwa kuma akwai mai baki da yake rufa wa asiri. Amma ko gaskiya ya faɗa, ina zan kai ta? In na ce wa Ƙungiya rigarku ce ke tona ku, tambayar farko wa ya gaya miki. In ce Ɗanlami, a ofishinsa, muna hira. Na ɗaure kaina ke nan da igiyata, na haɗa da Malam. Maganar da za ta wanke ni a bakin wanda ake zargina da shi kaɗai take. Na biya na gaida Kawu a tsaitsaye, na koma gida na haɗiye ta.

Marka ta zo, ruwa kwana da kwanaki, katangar bayan gida ta zube, itace ya jiƙe sai hayaƙi. Kwaɗi suka cika kududdufi da kuka, sauro ya hana yara sakat. Rabin gonar da muka ceta ya murmure. Gero ya yi duhu ya fi Malam tsawo, ya fara ciki. Da yamma nakan je bakin gonar in tsaya in ji ganye na kaɗawa, in hango yarana zaune gaban wuta suna murza tumu. Rabona da in ji raina ya yi sanyi haka tun kafin bazara.

Sai ga Ciyaman wata safiya da ƙunshi a cikin buhu. Wannan karon bai damu da ko ina jikin zana ba, ya ma ɗaga murya. Ƙungiya ta zaɓi Malam wakili. Ya zaro rigar, duk ta yamutse tana warin adaka, ya ce asusu ya bushe shi ya sa ba a kai ta bugu ba, uwargida ta taimaka ta wanke a gida. Malam ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Ba wanda ya faɗi sauran, amma ko akuyar gidan ta gane gwaji ne. In aka canza Malam kamar sauran, to ba daga gidansa magana ke fita ba. In ranar ta zo yana nan daram, to ɗan kawu ya raga wa mijin 'yar uwarsa, an kama ɓarawo.

Na zauna da rigar a cinyata, ni kaɗai na san abin da ke cikinta. In na wanke ta a bayan ɗaki na shanya daga ciki, Ɗanlami ba zai gani ba. Masinja ba zai zo ba, gero zai nuna, yarana su ci tuwo har bazara. Malam ma zai isa gaban kantoma a ce masa za a duba, kamar yadda ake cewa. Amma a idon Ƙungiya isarsa ita ce shaidar laifinsa, ya zama mutumin da ya sayar da 'yan uwansa a ƙasar da ba a mantuwa. Ƙungiyar nan kuwa ita ce danginsa, ita ce abin taƙamarsa bayan sallarsa. Na san shi. Yunwa ba za ta kashe shi ba, amma gaisuwa da kan yatsu za ta iya. Rufin makaranta, in faɗi gaskiya, bai ma zo mini a rai ba. Na dubi yara suna wasa a caɓi, ƙafafu kamar sillen kara, na ji tsoro ƙwarai. Rigar ta wuni ta kwana a rataye ban taɓa ta ba.

Daga ƙarshe na ce wa Malam shadda ba ta son wankin gida, zan kai ta Gumel a buge, kada ya tsaya gaban manya kamar an ƙwato shi daga bakin kura. Ya ce to. Na kama kazata ta ƙarshe na tafi da ita, ita ce ladan bugu. Na tsaya a kan mai rumfa har ya wanke, na ce ya shanya a igiyar gaba ta bakin titi, wai ta fi samun rana. Na zauna a benci a ƙarƙashinta. Ba a daɗe ba Ɗanlami ya tsallako, ba dariya a fuskarsa, bai kuma kira ni baiwa ba.

"Hinde, gidan wa za ta?"

"Gidana."

"Ɗauke ta ki tafi. Ban gani ba."

"Ka gani."

"An ce geronku ya yi ciki. Kin san gonar ta kujera ce."

"Na fi ka sani, ni na jefa irin. Yadda ka yi wa Malam Bitrus da Malam Buba haka za ka yi masa, kada ka rage komai. In ka raga masa, ni da kai sai a lahira."

Ya ce, "Ke tun kina yarinya ba a gane gabanki. Allah ya ba ki haƙurin abin da kika saya." Ya juya ya tsallaka titi.

Masinja ya zo gero yana bununi. An tura Malam wata makaranta bayan Maigatari, dab da iyaka, inda yara ke ce wa makaranta lakwal, malami kuma mushe. Kafin la'asar labari ya zaga. Washegari kekuna suka cika ƙofar gidanmu, irin cikar da na jira ranar gayya. Hedimastoci suna rungumar Malam suna cewa ya wanku, kai ka ce suna ake yi. Ciyaman ya matso jikin zana ya ce, "Uwargida, a yafe mana, sharrin shaiɗan ne." Na ce Allah ya yafe mana duka, ban fito musu ko da ruwa ba. Malam kuwa fuskarsa ta washe, na daɗe ban ga haƙoransa haka ba. Suka yi alkawarin kowa zai aiko da dami in kaka ta yi. Wasu sun aiko. Da abin da suka aiko, da dusar da Malam ke samowa a kasuwar Maigatari, muka ga wata daminar.

Kafin in mayar musu da rigarsu na ce bari in ɗan goge ta. Na cika dutsen guga da garwashi na ɗora a kan aikin ƙirjin, na tafi duba tukunya, ban kuma yi sauri ba. Ciyaman ya yi jimamin ƙonewar rigar fiye da yadda ya yi na gonarmu. Daga shekarar ba a ƙara canza wakili kafin tafiya ba, har aka samu wanda ya isa, aka yi wa wasu makarantu rufi. Sai dai a daidai lokacin ne kuma aka sauya kantoma, aka mayar da Ɗanlami wani ofis. Don haka har gobe ban san ko rigar ce kaɗai ba, ma'ajin nan ma ban sake shi ba.

Ranar tashi muka loda kaya a akori-kura, tabarmi da tukwane da turmi, muka hau muka zauna a kai. Hanyar ta gefen gonar ta bi. An yi ruwa da asuba, zangarniya ta cika ta sunkuya tana ɗiga, wanda zai gaje mu har ya kafa mutum-mutumin korar tsuntsaye. Yara suna nuna wa juna inda kowa ya nome. Na kau da kai. Malam bai kau da nasa ba har gonar ta ɓace, sannan ya matso kusa da ni yadda yara ba za su ji ba.

"Hinde, ina neman gafararki."

"Ta me, Malam?"

"Tun ranar gayya nake kallonki. Da kika ce za ki gaida Kawu, na ce shi ke nan. Da kika ɗauki rigar nan kika tafi Gumel, na ce kin je roƙon ɗan kawunki ne ya raga mini. Sai da masinja ya zo na samu barci. Macen da ke kai magana ba ta jawo wa 'ya'yanta yunwa. Ashe ba ke ba ce."

Na zargi rabin ƙasar Gumel a daminar nan, ban taɓa kawo wa raina cewa wanda nake miƙa wa tuwo ya gama yanke mini hukunci ba. Abin ya yi mini ciwo fiye da geron. Na buɗe baki in gaya masa komai, sai na ga yadda yake kallona, ido cike da kunya da murna, mutumin da aka mayar wa da sunansa da matarsa a rana ɗaya. Na ce, "Ba komai, Malam." Mota ta faɗa rami, na riƙe turmi kada ya gangara.

Mun yi shekaru masu yawa tare bayan nan. Har na rufe masa ido yana gaya wa mutane cewa matarsa ba ta taɓa kai magana ofis ba, ko sau ɗaya.